Mai Rai Ne Ke Saki

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da kayanku. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce. Babu kura a ciki, babu aljani. Zomo kam akwai shi, amma sai can gaba, kuma ba mai wayon nan ba ne. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, jikata ce ke riƙe da alƙalami, na kuwa ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Nama ne ya tayar da maganar. Shekaranjiya na aiki yarinyar nan kasuwa, ta dawo mini da wani dunƙule a leda, sanyi ƙalau, in ka ƙwanƙwasa shi sai ka ce dutse. Wai daga firiza aka ciro shi, wai ya fi tsabta. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin nama yana motsi. Ta dube ni irin duban da ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa. A nan na gane akwai abin da ya mutu a garin Garwa ba a yi masa jana'iza ba. Mu 'ya'yan mahauta ne, kaka da kakanni. A zamaninmu ana yanka ne a gangaren Binuwai. Tun kafin rana ta fito za ka ji ana wasa wuƙa a kan dutse, ƙarar nan siririya mai sa haƙori tsami, ka ji kukan shanu da bisimillar mai yanka, ungulaye kuma sun jeru a kan itace suna jiran rabonsu ba tare da gaggawa ba. Mu mata aikinmu kayan ciki ne. Mu ɗora tumbi da hanji a ƙwarya mu gangara ruwa mu wanke, ƙananan kifaye suna tsakurar mana yatsun ƙafa. Yanzu nama a kan babur yake zuwa, mai saye bai ga saniyar ba, mai sayarwa ma wani lokaci bai gan ta ba.

Wanda ya tashi a gidan fawa ya san nama yana da halaye uku. In an gama fiɗa aka rataye cinyar sa, tsokar takan yi ta rawa, nan ta ɗan harba, can ta ɗan harba, kamar fatar ido in tana yi wa mutum albishir. Tsofaffi suka ce rai ne yake sallamar gidan da ya zauna, ɗaki bayan ɗaki. In rana ta yi sama sai naman ya sandare, ka lanƙwasa ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Suka ce fushi yake yi, a bar shi ya huce. In ya kwana kuma sai ya yi laushi. Mu dai haka muka ji, haka muka riƙe, ba wanda ya ƙara tambaya sai ƙanena. Shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu, shi ne kuma na ƙarshe, muna ce masa Auta. Shi yana ce mini Adda, yadda yaran Fulanin unguwarmu ke kiran yayyensu mata. Auta ya tambayi Baba, in ran ya riga ya tafi, to wane ne ke riƙe da naman har ya ƙi lanƙwasuwa? Baba ya ce masa ya kawo gishiri.

Baba gwanin kilishi ne. Yakan ɗauki dunƙulen tsoka ya yi ta warware shi da bakin wuƙa har ya zama shimfiɗa, ka ɗaga ka hangi rana ta ciki. Karatun da ya ba Auta ɗaya ne: bi zare, kada ka yi faɗa da shi. Domin kowace tsoka tana da zarenta, wanda ya yanka a gicciye ya ɓata nama ya ɓata wuƙa. Auta ya iya, har ya so ya fi Baba siririn hannu. Amma sai ka gan shi ya koma gefe da ɗan yanki da ƙayar aduwa, ya zaro zare guda, ya tsaga shi, ya sami wani zaren a ciki, ya tsaga wannan ma. Inna tana daka labu, wato yajin kilishi, tana faɗa, wai yaron nan zai mai da naman mutane abawa. Wata rana ya tambayi Baba a ina zaren yake ƙarewa. Baba ya ce, a inda idonka ya ƙare.

To, Baba yana da lalura a hannu. Ba ciwo mai zafi ba ne. In ya damƙi abu da ƙarfi, sai yatsun su ƙi buɗewa, ya yi ta kallon hannunsa kamar na wani. Ya fi tsananta da sanyin safiya, ko in ya daɗe a zaune. In hannun ya ɗumama da aiki, sai ya saki, ya yi yini guda kamar na kowa. An sha rubutu, Fulanin daji sun kawo saiwoyi, likitan asibiti ya duba ya ce ba shi da abin da zai ba shi. Mutane kuwa suka ce alhakin dabbobi ne, ba shi ke riƙe da wuƙa ba, wuƙar ce ke riƙe da shi. Aikina ne kowace safiya in ɗumama ruwa, in kawo man shanu, in buɗe masa yatsun, daga ƙaramin har zuwa babban. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake ce mini. Ba wanda ya san hannun nan kamar ni. In lalurar ta kama shi, yatsun sukan zama kamar saiwar itace, tsokar gindin babban yatsa ta taso ta yi tauri, sai na sa ƙarfina duka.

Ku da kuke ciniki ta waya ba za ku san wannan ba. A kara, wato kasuwar shanu, mai saye da mai sayarwa hannu suke kamawa, dillali yana tsakani, a yi ta ja ana lilo da hannuwan. Muddin ana riƙe, magana ba ta ƙare ba. Ranar da mai dabba ya buɗe hannunsa, ya sallama ke nan, ko bakinsa bai furta ba. Faɗin "na sallama" don shaidu ne kawai. Hannu ne ke yankewa, kuma namiji ba ya komawa bayan ya buɗe. Wata safiya Baba ya yi cinikin bijimi da wani dattijon Bafulatani. Aka daidaita, dattijo ya buɗe nasa, na Baba ya ƙi. Dattijo ya ɗauka ragi ake ƙara nema, ya ɓata rai, yana cewa da Fulatanci a sake shi, yana fizga. Baba gumi yana zuba yana rantsuwa cewa a zuci ya saki tuni, hannun ne bai ji labari ba. Kara duka ta ɗauki dariya. Daga ranar sunansa ya koma Riƙau, ya kuma amsa, don mahauci ba ya fushi da ba'a. Amma daga ranar bai ƙara miƙa wa kowa hannu ba. In za a gaisa sai ya dafa ƙirji.

Da aka zo ɗibar yara lakwal, malamin da ya zo gidanmu ana ce masa mushe, yadda ake kiran malaman Faransanci. Baba ya ce ikon Allah, shi da ko taɓa mushe ba ya yi, yau ga mushe da ƙafafunsa ya zo neman ɗansa. Aka yi dariya, aka ba da yaro, bisa sharaɗin da yamma yana wurin kilishi. Haka aka yi shekaru. Sai karatun Garwa ya ƙare, malamai suka ce kan yaron nan bai cika ba, sai an kai shi kudu: mota zuwa Ngawundere, daga can jirgin ƙasa. A lokacin hannun Baba ya ƙara nauyi, wuƙar gidanmu kuwa, wadda ya gada wurin kakanmu, ba ta da wani magaji sai Auta. Baba bai ce tafi ba, bai ce kada ka tafi ba. Auta ya durƙusa ya ce zai je ne ya koyo maganin hannun. Baba ya ce, "Hannu nake nema, ba magani ba." Bai ƙara komai a kai ba. Inna ta ce wa Auta ya yi hattara, shirun uba ba albarka ba ne, kuma ɗan da ya fita ba a sallame shi ba, ko ya hau doki a ƙasa yake.

Ranar tafiya ana rana mai zafi, irin ta Garwa da ke sa kwalta ta yi laushi. Na ɗauko masa ƙunshin kilishi da tabarma muka je tasha. Wata babbar kamyo ce, motar kaya, an cika ta da albasa da busasshen kifi, fasinja a sama. Ba mu zaci Baba zai zo ba, sai ga shi daga wurin aiki, ko hannu bai gama wankewa ba. Ya tsaya gaban Auta. Mutumin da ya yi shekaru bai ba kowa hannu ba, sai ya miƙa. Auta ya kama. Aka tsaya. Direba ya yi ham, ya sake yi. Fasinja suka fara leƙowa daga sama, wani mai sayar da rake ya ce Riƙau ya riƙe, a kira 'yarsa. Na ajiye kaya na matsa, na ɗora yatsuna a kan nasa kamar yadda na saba. Hannun da ya yini yana aiki, cikin wannan zafi, ba lokacin lalura ba ne. Yatsun kuwa laushi gare su, da ɗumi. Na gane Baba da saninsa yake riƙe. Na ɗaga murya na ce a yi haƙuri, ciwon ne. Hannuwan suka rabu. Auta ya hau mota bai waiwayo ba, Baba ya juya ya koma wurin namansa.

Abin da tasha ta gani shi ne 'ya ta ɓamɓare ƙanenta daga hannun ubansu. Haka aka kai labari unguwa, na kuwa bar su da abin da suka gani. A wancan zamani gara a ce namiji yana da ciwo da a ce ya yi kuka da hannunsa a gaban jama'a. Na ɗauka Auta ma ciwon ya zata, hankalina ya kwanta a kan haka.

Shekaru suka yi ta wucewa. Daga Yawunde aka ce ya ƙetare ruwa. Inna ta sa rai zai dawo da farar riga yana yi wa mutane allura, sai muka ji wai shi ba likitan da ke duba marar lafiya ba ne, nama yake dubawa. Naman me? Na zomo. Abokan Baba suka samu abin ba'a: ɗan mutumin da ke kayar da bijimi ya tsallaka teku don ya yi fawar zomo, kuma wai abin da yake yanka bai kai silin gashi ba. Baba yakan yi murmushi ya ce kowa da girman wuƙarsa. Auta yakan zo jifa-jifa, ya kawo tsaraba, ya zauna kusa da Baba su yi zancen ruwan Binuwai da tsadar shanu. In za su rabu kowa ya dafa ƙirjinsa. Maganar tasha ba ta taɓa fitowa ba. Da Baba ya rasu Auta yana can, sai bayan an share makoki ya iso. Ya tsaya a bakin kabari, ya yi addu'a, ya koma.

Girman aikinsa ban san shi ba sai da wata mata ta zo gaishe ni a nan unguwar Jambutu, inda aure ya kawo ni. 'Yar manoman dutse ce daga wajen Mokolo, Kirista, Hausarta irin ta kasuwa, tana ce mini Mama. Ta ce a hannun ƙanena ta yi karatu, ita da wasu da yawa daga ƙasashe daban-daban, yanzu kowannensu yana da nasa ɗaliban. Ta ce akwai madubin da ke mai da ƙwayar ƙura ta zama kamar tulu, a ƙarƙashinsa suke aiki. Wahalar ita ce a zaro zare guda daga tsoka ba a raunata shi ba, yadda zai ci gaba da ja da saki ana kallo ana aunawa. Ta ce ba ta ga mai hannun ƙanena a wannan ba, kuma mutane da yawa yadda ya koyar suke yi. In ɗalibi ya tsinka zare, ba ya faɗa, sai ya ce masa da Hausa, "Bi zare." Har Turawan cikinsu sun haddace, suna faɗa wa nasu ɗaliban, ba su san daga bakin mahauci ta fito ba. Ta yi dariya ta ce aibinsa ɗaya, bai iya gaisuwa ba. In ka ba shi hannu sai ya janye kamar ya taɓa tukunya a wuta. Ni ban yi dariyar ba.

Da Auta ya ajiye aiki ya zo ya daɗe. Kansa ya yi fari fat, Hausarsa ta ɗan sandare, sai da ta kwana biyu ta yi laushi. Wata safiya ya je inda ake yanka yanzu, ya dawo da tsoka mai ɗumi tana harbawa, ya ajiye a faranti a tsakar gidana. Ya ce yau zai ba ni amsar tambayar da aka aike shi kawo gishiri a kanta. Ya ce ya bi zaren har inda madubi ya ƙare. A can ƙarshe zare iri biyu ne kwance gefe da gefe, mai kauri da siriri. Mai kaurin yana da 'yan hannuwa birjik. Su kama siririn su ja, su saki, su kama gaba su sake ja, kamar mata a bakin rijiya suna jan igiyar guga. Duk motsin da ɗan Adam ke yi, daga ƙifta ido har ɗaukar buhu, wannan jan ne. Ya ce ba shi ya fara ganin haka ba, wasu sun riga shi. Shi rayuwarsa ta tafi ne a kan abu ɗaya, yadda 'yan hannuwan ke saki. Domin kowane saki sai an biya shi da wani ɗan abinci da jiki ke ƙerawa muddin ana numfashi. In an yanka dabba, ragowar abincin ne ke sa naman rawa. In ya ƙare, kowane hannu sai ya tsaya a inda ya kama. Wannan shi ne fushin da tsofaffi ke faɗa. Laushin washegari kuwa ba saki ba ne, zaren ne ya fara lalacewa.

Na tambaye shi ko ya samo maganin Baba. Ya ce a'a. Ya ce sai da ya yi nisa ya gane lalurar Baba ba a 'yan hannuwan take ba, a wurin saƙo take: umarnin kamawa ne ke ta maimaituwa, kamar mai shela da ya ƙi yin shiru. Wasu suna kan aikin, shi dai bai kai ba. Ya faɗi haka yadda ake faɗin ruwa bai zo ba bana. Muka zauna muna kallon naman har ya daina motsi.

"Adda," ya ce, "gawa ba ta saki. Kamawa kowa ya iya. Mai rai ne ke saki."

Na ce masa to Allah ya ji ƙan Baba, shi da ciwo ya hana shi.

"Ranar tasha ba ciwo ba ne," ya ce. "Na sani tun a ranar. Babban yatsansa yana shafa bayan hannuna. Hannun da ciwo ya kama ba ya shafa. Riƙe ni ya yi da gangan, ke kika ɓamɓare ni. Ban taɓa ganin laifinki ba. Amma na san ban fita da sallama ba."

Ashe abin da ya ɗauka ya ƙetare teku da shi ke nan. Ni ina rufa wa Baba asiri a wurin wanda ya riga ya sani, shi kuma yana rufa mini a kan abin da ban yi ba.

"Auta," na ce, "ka san ƙarfin Baba. In da saninsa ya riƙe, yarinya kamata ce za ta buɗe shi? Ko ɗan yatsa ban ja ba. Ɗora hannuna kawai na yi. A ƙarƙashin yatsuna na ji ya buɗe da kansa, daga ƙaramin har babban."

Ɗan mahauci ne, ba sai an gaya masa abin da buɗe hannu yake nufi a kara ba. Ya daɗe yana duban tafinsa. Can ya tambaye ni ko wuƙar tana nan. Na ɗauko masa. Ya wasa ta a bakin turmin dutse, ya jawo farantin, ya warware tsokar nan har ta zama shimfiɗa, ya ɗaga ta muka hangi rana ta ciki.

Inna ta riga mu gidan gaskiya tun da daɗewa, ba ta daina cewa da allura ya koya da ya fi ba. Dattijon Bafulatanin nan ya zama aminin Baba har mutuwa ta raba, bai taɓa sayar wa wani mahauci bijimi ba in Baba yana kara. Matar Mokolo tana koyarwa a Ngawundere, takan aiko mini da zuma. Auta ya koma wurin iyalinsa a ƙetaren teku, can ya cika, can aka binne shi. Matar Mokolo ce ta kawo mini labarin cewa ɗalibansa sun taru ganinsa na ƙarshe, ya ba kowannensu hannu, ya daɗe yana riƙe, har suka yi mamaki, sannan ya buɗe a hankali. Wuƙar tana ƙarƙashin gadona, ba mai fawa a zuriyarmu yanzu, jikokina kuɓewa suke so su yanka da ita na hana. Ni kuwa ga ni, ina jiran nawa lokacin.

Ga kunnuwanku nan. Na buɗe hannu.